FILIN MANOMA: Hasken Rana Da Abin Da Ya Ke Yi Wa Kayan Gona

Ko wane manomi ya kan lissafa abin da gonarsa ta ci: iri, da taki, da maganin feshi, da kuɗin huɗa, da na 'yan ƙwadago. Amma akwai abu guda da ba ya shiga lissafi, don ba a sayar da shi a kasuwar Funtuwa ko ta Malumfashi, alhali kuwa in babu shi duk sauran asarar kuɗi ne. Abin nan shi ne hasken rana. Shi ke cika zangarniya, shi ke busar da hatsi a masussuka, shi ne kuma ke kashe iri a ɗakin ajiya, ya rududduge buhu, in ba a san yadda za a bi da shi ba. Saboda haka ya kamata manomi, da ɗan kasuwa, da malamin da ke tsaron sito, su san halinsa kamar yadda su ke sanin halin ƙasa da na ruwa.

TAFIYAR HASKE

Tsakanin rana da duniya akwai kilomita wajen miliyan 150, watau mil miliyan 93. Haske ya kan ci wannan tafiya cikin minti 8 da 'yan daƙiƙoƙi, gama gudunsa kilomita 300,000 ne cikin daƙiƙa guda. Babu abin da ya fi shi sauri. Shi ya sa in hadari ya taso a kan ga walƙiya tukuna, sa'an nan a ji tsawa, don ƙara ba ta cin fiye da kilomita guda cikin daƙiƙa 3. Wanda hadari ya tarar a gona, in ya ga walƙiya ya ƙirga 6 kafin ya ji cida, to, aradun nan ta faɗi kamar kilomita 2 daga inda ya ke, sai ya nemi gida, kada ya fake gindin itace.

Da can malamai da yawa sun ɗauka ido ne ke aika haske waje, ya taɓo abin da a ke kallo. Wanda ya warware wannan magana da gwaji shi ne Hasan Ibnul Haisam, wani malami da aka haifa a Basra wajen shekarar 965, ya zauna a Alƙahira, ya rubuta littafin nan Kitabul Manazir. Ya nuna haske ne ke tasowa daga abu ya shiga ido, kuma miƙe ya ke tafiya, ba ya kewaye. Kowa ya iya ganin haka a ɗaki mai duhu wanda rufinsa ya ke da 'yar ƙofa: rana ta kan shigo kamar sanda, ƙura na yawo cikinta. Da ya ke ba ya kewaye, duk abin da ya tare shi sai ya bar inuwa a bayansa.

Da tsakar rana, in gari ya yi garau, ƙarfin hasken da ke sauka a fili mai tsawon mita guda da faɗin mita guda ya kai wat 1,000, kamar abin da dutsen guga na lantarki ke ci. Hekta guda kuwa tana da irin wannan fili 10,000. Sai a duba yawan abin da Allah ke zubo wa gona kullum kyauta.

ABU UKU

In haske ya faɗa kan ko wane abu, ɗayan uku ke faruwa. Ko abin ya mai da shi, ko ya shanye shi, ko ya bar shi ya ratsa ya wuce. Madubi da farar riga mayarwa su ke yi. Gawayi da baƙar tukunya shanyewa su ke yi. Gilashi da ruwa mai tsabta su kan bar shi ya wuce. Yawancin abubuwa kuwa suna yin ukun duka, sai dai wani ya rinjayi wani. Hasken da aka shanye ba ɓacewa ya ke yi ba, zafi ya ke zama.

Gani ya kori ji. A sami gwangwani biyu daidai da juna, a shafe ɗaya da baƙin tukunya, ɗaya da farar ƙasa, a cika su da ruwan randa guda, a ajiye a rana sa'a ɗaya. In an tsoma yatsa za a ji na baƙin ya fi ɗumi. Haka ƙasa ta ke. Farin rairayi busasshe ya kan mai da kamar kashi ɗaya cikin uku na hasken da ya sauko masa, baƙar laka mai damshi kuwa da ƙyar ta ke mai da kashi ɗaya cikin goma. Duk sauran darasin nan a kan wannan abu uku ya ke tafiya.

LAUNI

Hasken rana da ido ke gani fari, ba launi ɗaya ba ne. A shekarar 1666 wani masani na Ingila, Isaac Newton, ya sa gilashi mai kusurwa uku a gaban hasken da ke shigowa ɗakinsa, sai ya ga ya warwatsu ya zama ja, da ruwan goro, da rawaya, da kore, da shuɗi, da ruwan baba, da shunayya. Ya kuma tattara su, suka koma fari. Abin da ɗigon ruwan sama ke yi ke nan sa'ad da bakan gizo ya fito. Shi ya sa ba a ganinsa sai mai kallo ya ba rana baya: da la'asar a gabas, da hantsi a yamma.

To, launin ko wane abu shi ne launin da ya ƙi shanyewa, ya mayar wa ido. Barkono ja ya shanye sauran ya mai da ja. Auduga ta mai da su duka, don haka ta ke fara fat. Tun zamanin da kamfanin BCGA ya kafa injinan gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi, da ido a ke fara raba lamba ɗaya da ta biyu, gama ƙasa da karmami da tabon ƙwari duk suna shanye haske su dusashe farin. A nan akwai gargaɗi ga 'yan kasuwa. Abu ba ya iya mai da launin da ba a haska masa ba. Hatsi ko auduga da aka duba da almuru, ko a ƙarƙashin shuɗiyar tamfol, ko gaban ƙwai mai ja-ja, ba za su nuna ainihin kamanninsu ba. Mai saye ya fito da samfur fili, ya duba da hasken Allah, kafin ya ƙirga kuɗi.

GANYE MASAƘAR ABINCI

Ganye ya bambanta da sauran abubuwa, don ba dukan hasken da ya shanye ke zama zafi ba. Cikinsa akwai wani sinadari kore, sunansa kulorofil, mai shanye ja da shuɗi ƙwarai, ya bar wani sashi na kore ya dawo. Da ƙarfin hasken nan ganye ke haɗa ruwan da saiwa ta jawo da iskar kabon, watau irin wadda mutum ke fitarwa in ya numfasa, ya yi sukari. Sukarin nan shi ke zama garin masara, da zaren auduga, da man gyaɗa, da zaƙin rake. Wani likita mutumin Holan, Jan Ingenhousz, shi ya nuna a 1779 cewa ganye ba ya wannan aiki sai da haske.

Abin mamaki, yawancin nauyin buhun masara busasshiya daga iska da ruwa ya fito. Abin da ƙasa da taki suka bayar kaɗan ne a ma'auni, ko da ya ke ba a yi sai da shi. Babban aikin taki shi ne ya gina ganye mai faɗi, mai duhun kore, wanda zai kama rana. In ganyen masara na ƙasa ya fara rawaya daga baki, rawayar na bin tsakiya, yawanci takin yuriya ne ya gaza: kulorofil ya ragu, ganyen ya koma mai da hasken da ya kamata ya shanye. In kuwa ƙaramar shuka ta yi shunayya-shunayya a gefen ganye, sau da yawa takin sufa ta ke nema. Launin gona wasiƙa ce ga wanda ya iya karatu.

Sa'ad da aka buɗe shirin raya aikin gona na Funtuwa a 1975 da taimakon Bankin Duniya, masara ta fita daga bayan gida ta shiga manyan gonaki, a ƙasar da a da dawa da gero da auduga ke sarauta. Ɗaya daga dalilan da suka sa ta karɓu shi ne rana. Ƙasar nan ta fi kurmin kudu samun haske da damina, masara kuwa, kamar dawa da gero da rake, tana cikin shuke-shuken da ba su ƙoshi da rana. Duk da haka, abin da gona mai kyau ke juyawa ya zama amfani bai fi kashi 1 ko 2 cikin 100 na hasken da ya sauko mata ba. Saboda haka ba a wasa da ɗan abin da a ke iya kamawa.

Ga yadda a ke asararsa. Na farko, shuka mai giɓi. Hasken da ya faɗi kan ƙasa tsirara cikin Agusta ya tafi a banza. Na biyu, cunkoso. In shuka ta yi yawa, ganyen sama ya rufe na ƙasa, kara ya yi tsawo siriri yana neman rana, iska ta kwantar da shi, wani ma ba ya goyo. Malaman gona sun daidaita wa masara santimita 75 tsakanin kunya da kunya, da 25 tsakanin gindi da gindi, tsiro ɗaya a rami, watau wajen gindi 53,000 a hekta. Na uku, ciyawa. Ba taki da ruwa kaɗai ta ke sata ba, har da rana, kuma ɓarnarta ta fi muni cikin mako 6 na farko, tun shuka ba ta fi ta tsawo ba. Noman fari da aka makara, maimai ba ya rama shi. Na huɗu, zage ɗanyen ganye don dabbobi. Ganyen da ke jikin goyo da waɗanda ke bisansa su ke cika ƙwaya. Wanda ya zage su tun ƙwaya ba ta yi tauri ba, ya ciyar da akuya da abincin iyalinsa.

Auduga ma haka. Wadda aka matse, ko aka bari masara ta rufe ta, ta kan zubar da fure da ƙananan 'ya'ya in ta rasa rana. Wake kuma, in an shuka shi jefi-jefi ƙarƙashin doguwar dawa, abin da ya ratso kaɗai ya ke samu. Don haka masana na cibiyar IITA a Kano suka fito da tsarin kunya 2 ta hatsi, kunya 4 ta wake, don rana ta sami hanyar sauka. Kakanni ma sun san wannan ilmi. Sun bar gawo a tsakiyar gona, gama shi ne itacen da ke zubar da ganye da damina ya bar rana ta ratsa, ya yi ganye da rani. Mangwaro da darbejiya kuwa, wurinsu bakin iyaka.

HASKEN DA IDO BA YA GANI

A shekarar 1800 William Herschel ya raba hasken rana kamar yadda Newton ya yi, ya riƙa sa ma'aunin zafi cikin ko wane launi. Da ya gusa da shi gaba da ja, inda ido ba ya ganin kome, sai ya ga zafi ya hau. Ashe akwai ɓoyayyen haske a bayan ja. Shi ne ɗumin da a ke ji daga bango bayan faɗuwar rana, kuma kusan rabin ƙarfin rana a cikinsa ya ke zuwa. Shekara guda bayan haka wani Bajamushe, Johann Ritter, ya gano wani ɓoyayyen a bayan shunayya. Wannan kaɗan ne, amma mai cizo. Shi ke koɗar da rini, shi ke sa buhun leda da ya daɗe a rana ya riƙa fashewa kamar busasshen ganye, shi ke ƙona idon mai walda in bai sa baƙin gilashi ba. Shi ne kuma ke kashe ƙwayoyin cuta: ruwa garau da aka zuba cikin gorar roba mai haske, aka kwantar a rana mai ƙarfi sa'a 6, yawancin ƙwayoyin zawo da ke ciki sun mutu. In ruwan gurɓatacce ne, sai an tace shi tukuna, don laka tana tare hasken.

RANA MAGANIN ƘWARON WAKE

Babu inda abu ukun nan suka haɗu suka yi wa manomi aiki kamar wajen ajiyar wake. Kowa ya san ƙwaron wake daga gona ya ke biyo shi, ya yi ta haihuwa cikin buhu, kafin 'yan watanni wake ya huhhuje, kuɗinsa ya faɗi. Wajen 1991 masana na Jami'ar Purdue ta Amurka, tare da na cibiyar binciken noma ta Marwa a Kamaru, suka nuna cewa zafin digiri 57 na sa'a guda yana kashe ƙwaron, da tsutsarsa, da ƙwansa. Ga yadda a ke samun wannan zafi ba da itace ba.

A shimfiɗa busasshiyar ciyawa mai kauri a fili, don kada ƙasa ta janye zafin. A shimfiɗa baƙar leda a kanta. A baza wake busasshe a kai, shimfiɗa mara kauri. A rufe da farar leda wadda a ke gani ta cikinta, a naɗe gefunan ledojin biyu tare, a danne da duwatsu. A bar shi sa'a 2 da tsakar rana. Ledar sama ta bar haske ya ratsa, ta ƙasa da waken suka shanye shi ya zama zafi, ledar sama kuma ta hana iska kwashe zafin. Sai a kwashe, a bari ya huce, a zuba cikin mazubi mai tsabta a rufe ruf, ko cikin buhun nan mai riɓi uku da a ke kira PICS. Wannan rufewa wajibi ce, gama rana ta kashe na ciki ne kawai, ba ta hana sabo shiga.

Shanyar masara da barkono da kauɗar tumatir, irin wadda mutanen Ɗanja suka saba, ita ma ta fi sauri bisa baƙar tamfol ko daɓen siminti, ta kuma tsira daga ƙasa da fumfuna. Masarar da aka shanya a ƙasa mai damshi ta kan kama fumfuna mai dafi wanda ke cin hanta. Amma ba kome ke son rana ba. Kuka da zogale da rama, a inuwa mai iska a ke shanya su. In an baza su a rana, launi ya koɗe, amfanin da su ke yi wa ido da jiki ya ragu.

A ƊAKIN AJIYA

A masussuka a kan nemi shanyewa, a sito kuwa mayarwa a ke nema. Rumbun ƙasa mai hular jinka yana da sanyi don ciyawa ba ta miƙa zafi ciki da sauri. Kwano sabo mai ƙyalli ya kan mai da rana da yawa, amma in ya yi tsatsa ya yi duhu sai ya koma shanyewa, ɗaki ya zama tanda. Farin fenti a bisa kwano, da silin ko asabari a ƙarƙashinsa, suna rage zafin ƙwarai. Iri abu ne mai rai. Wanda aka jingina kusa da kwano mai zafi tun daga Maris har Mayu, rabin ransa a hannun Allah ya ke kafin ranar shuka.

Maganin feshi da na dabbobi, ba don ado a ke zuba su cikin kwalba mai duhu ba. Haske yana karya ƙarfinsu, saboda haka wanda ya ga an jera su a rana bisa tebur ranar kasuwa, ya yi hattara. Man gyaɗa ma a cikin duhu ya ke daɗewa bai yi ɗaci ba. Dankalin Turawa in ya sha haske sai ya yi kore, koren nan kuwa alama ce ta dafi, a fere shi sosai ko a zubar. Tankin ruwa mai duhun jiki ba ya yin gansakuka, don ita ma tsiro ce, ba ta rayuwa sai da haske.

HASKE CIKIN RUWA DA ƘURA

In haske ya shiga ruwa gudunsa ya kan ragu zuwa kilomita 225,000 a daƙiƙa, sai ya karkace a daidai fuskar ruwan. Shi ya sa sanda ta kan yi kamar ta karye in an tsoma ta cikin bokiti. Shi ya sa kuma ruwa ke ɓoye zurfinsa: mai zurfin taku 4, in an leƙa daga sama, kamar 3 a ke ganinsa. A faɗa wa yara masu kai shanu madatsar Mairuwa da kududdufan bayan gari, ganin ƙasan ruwa ba shi ne sanin zurfinsa ba.

Masu lambu su kan ce in an yi ban ruwa da tsakar rana, ɗigon da ya zauna kan ganye zai tara hasken ya ƙona shi. Bincike ya nuna a kan ganye mai santsi hakan ba ya faruwa, don ɗigon ya manne da ganyen, ya kuma bushe da wuri. Dalilin ban ruwa da safe ko da yamma shi ne kada rana ta ɗauke ruwan tun bai kai saiwa ba. Shukar da ta yi yaushi da azahar, a ba ta ruwa, kada a jira.

Da hunturu kuma, ƙurar da iska ke kwasowa daga ƙasar Cadi ta kan watsa hasken ta ko'ina, rana ta yi fari kamar faifai, inuwa ta dusashe. Wannan ya shafi masu injin ban ruwa na sola. Farantin nan baƙi ne don ya shanye haske, gilashin fuskarsa kuwa don ya bar shi ya ratsa, kuma kamar kashi ɗaya cikin biyar ya ke juyawa ya zama lantarki. In ƙura ta kwanta a kai, ko inuwar reshe ta faɗa ko da a gefe ɗaya, ruwa sai ya ragu a bakin tiyo. A goge shi da tsumma mai laushi da sassafe, tun bai yi zafi ba.

ABIN TUNAWA

1. A gona, ganye ya kamata ya sha rana. A cike giɓi, a tsinke cunkoso, a yi noman fari da wuri, a bar ɗanyen ganye a jikin kara.

2. A masussuka, baƙar shimfiɗa a ƙasa. In wake ne, a ƙara farar leda a sama sa'a 2, sa'an nan a rufe shi ruf.

3. A sito, fari a waje, duhu da sanyi a ciki. Iri da magani da mai da buhu, duk a raba su da rana.

4. A kasuwa, kada a sayi hatsi ko auduga sai an duba su a fili da rana.

Rana ɗaya ce ke fitowa a Bakori da Ƙafur da Faskari, ba ta fifita gonar mai kuɗi bisa ta talaka. Bambancin yana wurin wanda ya san inda zai tare ta da inda zai buɗe mata hanya. Allah ya ba da damina mai albarka, amin.